Ranar da Na Haɗa Oba-obar Alhaji Sule da Batir

Kaduna zuwa Tegina

Ana kiran assalatu na fito daga gidanmu a Tudun Wada, jakar kayan aiki a kafaɗa, na nufi tasha. Damina ce, lokacin wahalar man fetur, kafin wayar salula ta shigo ƙasar nan. Ni mai gyaran rediyo ne, kuma saƙon yayata Habi ne ya tashe ni. Tana aure a Kontagora wajen Alhaji Sule, ɗan kasuwar hatsi mai babbar gona a daji bayan Sahon Rami. Wani direban babbar mota ya kawo min saƙon da baki, cewa oba-obar gidansu, wato rediyon da suke magana da mutanen gona da ita, ta mutu, ba sa jin gona, gona ba ta jin su.

Gari na wayewa motarmu ta cika muka ɗauki hanyar Birnin Gwari. Shingen jami'an tsaro kam mun sha su. A ɗaya wani ya buɗe jakata, ya ɗaga mitar auna wuta yana jujjuyawa.

"Wannan fa?"

"Ta aiki ce, ranka ya daɗe. Da ita nake gane ciwon rediyo."

Ya yi dariya ya miƙo min. A Tegina muka tsaya direba ya sayi mai wajen 'yan bumburutu, ni kuma na ci sakwara da miyar agushi, wadda ban sake cin mai daɗinta ba har yau.

Kontagora

Ana sallar azahar na isa gidan. Yaya Habi ta ce Alhaji yana gona tun shekaranjiya, direbansa Bawa ne ya kai shi ya dawo da motar. Ko ruwa ban gama sha ba na ce ta nuna min kayan.

Abin da na gani ya sa na tsaya a bakin ƙofa. Farantan sola suna kan rufi, wannan ba laifi. Amma baturan da suke tara wutar, manya irin na babbar mota, a jere suke ƙarƙashin tagar ɗakin da take kwana da yara, tagar a rufe, warin ruwan batir ya cika ɗakin. Wayoyi a tuɓe, babu fis ko ɗaya.

"Yaya, a nan kuke kwana?"

"To ina za mu kwana? Alhaji ya ce a waje za a sace."

Na duba na ga inbata ce ta ƙone, wato akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Ita kuwa oba-oba tun asali da wutar batir take aiki. An yi ta zagaye ne kawai: a juya wutar zuwa ta gida, sannan wani ƙaramin akwati ya sake mayar da ita ta batir. Sai na cire su duka biyun, na auna ƙarfin baturan na ga ya yi daidai, na jawo waya mai kauri kai tsaye, na sa fis a tsakani.

Ina murɗa makunni, kafin ma in taɓa abin magana, sai murya ta fito. A dushe take, kamar ta wanda ya wuni yana kira.

"Gida, gida, kuna jina? Gida, don Allah. Oba."

Yaya ta ce, "Ɗantani ne, mai kula da gonar." Na danna na amsa. Ya yi magana da Hausarsa ta Kambari, a hankali, yana haki.

"Batir ya fashe wa Alhaji a fuska. Tun hantsi. Ba ya gani. Oba."

Ashe inbatar gonar ma ta fara ba da matsala, Alhaji ya ce shi ma zai haɗa tasu kai tsaye. Sifana ta kuɓuce masa ta faɗa tsakanin kawunan batir, wuta ta yi tartsatsi, batirin ya tarwatse. Ɗantani ya kwance oba-obar ya maƙala ta a batirin wata taraktarsu da ta lalace, ya zauna yana kira.

Na tambaye shi me suka yi wa idon. Ya ce sun shafa man shanu sun ɗaure da ƙyalle. Na ce ya kwance yanzu, su kwantar da shi su yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon a buɗe, kada su tsaya ko ya yi ihu, har mu iso. Yaya tana tsaye ta dafa bango. Sai ta ɗauki mayafinta.

Hanyar Sahon Rami

Bawa ya tashi a-kori-kura, man da ke ciki bai kai rabi ba. Maƙwabcinsu ya zuƙo na motarsa da tiyo ya ba mu ba tare da tambaya ba. Muka bar kwalta bayan Sahon Rami muka shiga hanyar daji, taɓo har gindin ƙofa. Sau biyu ni da Bawa muna sauka mu cusa itace ƙarƙashin taya, Yaya a gaba tana jan carbi.

Bayan la'asar muka iso wani rafi da ya cika ya batse. A ɗaya gaɓar ga wani mutum zaune kan babur. Shi aka aiko Kontagora tun da safe, ruwa ya tare shi, ya wuni yana jiran ya janye. Muka yi masa ihu cewa ya koma gona ya ce a kawo Alhaji.

Kan ƙyauren ƙofa suka ɗauko shi, ƙarti shida, Ɗantani yana biye da buta yana zuba masa ruwa a fuska. Suka shiga rafin, ruwa har ƙirji, ƙyauren a kan kawunansu. Da suka sauke shi na kalli fuskar sau ɗaya na kau da kai. Mutumin da ke cika gida da dariya, gemunsa ya zube gefe guda, rigarsa duk huji kamar ɓera ya ci.

Ya ji muryata ya ce, "Injiniya ne? Ka ga na so in ƙwace maka sana'a."

Muka kwantar da shi a mota, Bawa ya juya.

Kontagora kuma

Bayan magariba muka kai shi asibiti. Washegari likita ya kira ni gefe ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuwa akwai fata, kuma ruwan da aka yi ta zubawa ne ya taimaka. Ya ce da tun safe aka fara, da wataƙila labarin ya bambanta.

Na koma gidan na samo magini, muka yi wa baturan 'yar rumfar bulo a tsakar gida mai ramukan shan iska da ƙofar ƙarfe. Na rufe kawunansu da roba, na sake jan wayar oba-obar ta cikin bango. Ɗantani, wanda ya biyo mu Kontagora muryarsa ta tafi gaba ɗaya sai raɗa, na koya masa yadda zai yi wa na gona, na ba shi ragowar fis ɗina.

Ranar da zan tafi Yaya ta rako ni zaure. Ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a hanya ba. Sai a nan ta riƙe hannun rigata ta ce, "Lawal, ran nan tun hantsi ina zaune kusa da akwatin nan ina tsintar shinkafa. Ɗantani yana can yana kirana, ni ina tsintar shinkafa."

Na ce mata ba yadda za a yi ta sani. Ta gyaɗa kai kawai, ta koma ciki.

Komawa gida

Ta Tegina muka biyo, fasinjoji suna ta hirar tsadar taki. Da yamma na shiga gida, maiɗakina ta ce yaya hanya, na zauna bakin gado na ba ta labari. Bayan wasu makonni saƙo ya zo cewa an kwance bandejin, idon dama yana gani, har Alhaji ya gane 'ya'yansa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Bawa, da maƙwabcin da ya ba mu mai, da mutanen da suka shiga ruwa da ƙyaure a ka. Ɗantani kuwa, Allah Ya saka masa, domin ya wuni yana kiran gidan da ba ya amsawa, bai ajiye abin maganar ba.