Tabon da Haulatu Ta Goge

A unguwar Sabo ta Ibadan, in mata suka ce "a kira mai hoto", ba sa ƙara suna, kowa ya san Haulatu ake nufi. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. Ɗakinta na sama a wani tsohon bene da ke bayan masallaci shi ne wurin aikinta, kwamfutarta kuma tana zaune a kan teburin keken ɗinkin da Inna, mahaifiyarsu, ta daina amfani da shi.

A aji huɗu na sakandare ta ajiye karatu, ita da kanta, don ta ce lissafi na juya mata kai. Ta auri Abubakar Sadiq mai sayar da kayan waya a Mokola, shi ne ma ya kawo mata tsohuwar kyamara wata rana don ta rage zaman banza. Ashe sana'a ya kawo mata. Matan unguwa ba sa son namiji ya shigo ɗakin lalle yana haska su kai ba ɗankwali, ita kuwa har ƙuryar ɗakin amarya take shiga. Daga baya ta koyi gyaran hoto a waya, ba malami ba makaranta, har ta zama gwana.

Ga yadda take aikinta. In ta ɗauki hoto, sai ta tura wa mai shi ta waya. Mai shi ta duba, ta sa yatsa ta zagaye duk abin da ba ta so da jan layi, ta mayar mata. Ƙurji a goshi, gumi a hammata, bokitin wanki a bayan amarya, wani lokaci har ƙawar da aka yi faɗa da ita bayan biki. Haulatu ta goge shi tas, kamar Allah bai taɓa halittarsa a wurin ba. Shekara goma sha biyu tana wannan, hannunta ya riga ya saba: abin da aka zagaye, shi ake gogewa. Kuma gaskiya a faɗe ta, kanta ya yi girma. Ka kuskura ka ce mata ga yadda za ta yi, sai ta kalle ka sama da ƙasa ta ce, "Ni ba a koya mini aikina."

Sakinat ita ce autarsu, shekara tara tsakaninsu. A bayan Haulatu ta girma, ita ta yi mata kitson shiga firamare. Yarinyar ta bi boko har ta kai digiri na biyu a kimiyyar sararin samaniya, a wata jami'a can gaba da Ojoo. Wata ranar Lahadi ta zo ta zauna a gefen gado, ta buɗe wasu hotuna biyu baƙi ƙirin, tana rawar jiki ta yi wa yayarta bayani.

"Yaya, kin ga wannan? Ba da hasken da ido ke gani aka ɗauke shi ba. Akwai wani haske da ake kira infrared, irin ɗumin da kike ji a fuska in kin matso kusa da garwashi. Shi yana ratsa ƙura, shi ya sa yake tono gungun taurarin da ƙura ta binne. Kowane gungu taurari ne biliyoyi, amma don tsabar nisa sai ki gan shi kamar ɗigon jan biro. Wannan ɗayan kuma eksire ne, irin na asibiti, sai dai daga sama yake zuwa. In akwai baƙin rami a tsakiyar gungu yana haɗiye iskar gas, gas ɗin kan yi mugun zafi ya fitar da shi. Haskensu ya yi shekara wajen biliyan goma a hanya kafin madubin da ke sama ya kama shi, don haka ƙuruciyarsu muke kallo. Ni ina gwada su da na kusa da mu ne, in ga yadda suke girma."

Haulatu tana can tana rage wa wata amarya kumatu. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ce a miƙo mata caja. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, kuma wannan rashin ɗaga kan shi ya jawo komai.

Bayan wata huɗu aka sa ranar da ɗalibai za su kafa aikinsu a babbar takarda, malamai su zagaya, har da wani farfesa baƙo da zai auna su. Wanda ya wuce nan shi za a ba ranar kare digirinsa. Ranar Alhamis da azahar Sakinat ta turo nata aikin ta ce, "Yaya, ejo, don Allah ki kai wa mai buga miki manyan hotuna ya buga min babba, gobe da safe zan biyo in karɓa."

Haulatu ta buɗe. Haba! Wannan ƙazantar za a kafa gaban farfesa? Hoton duk yashi-yashi, kamar wanda aka ɗauka da wayar ɗari biyar. Ga wasu jajayen ɗige-ɗige dishi-dishi, kuma ga su an zagaye su ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha ɗaya. Ta yi murmushi, tausayin ƙanwarta ya kama ta. Yarinya ta ga tabon da kanta, ta zagaye, kunya ta hana ta cewa a gyara mata. Ba ta karanta rubutun da ke gefe ba, Turanci ne mai lambobi. Ta gyara zama ta goge duka goma sha ɗayan, da su da da'irarsu. Ta shafe yashin ya yi sumul. Da ta ga wurin ya yi fayau, sai ta ɗauko wani tauraro mai kyau mai ƙyalli daga gefe, ta manna shi wuri huɗu. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi, har tana waƙa.

Da safe Sakinat ta tsaya a kan okada a ƙofar gida, Haulatu ta miƙa mata takardar a naɗe cikin kwali.

"Kar ki buɗe a hanya ta yamutse," in ji ta. "Sai kin je."

Da yamma Sakinat ta dawo gidan Inna, aka tambaye ta, ta ce an gama lafiya. Litinin ba ta je makaranta ba, ta ce kanta ke ciwo. Talata ma haka. Haulatu kuwa duk wadda ta hau benenta sai ta sha labari: ita ta gyara wa ƙanwarta hoton sama, har taurari ta ƙara mata, farfesoshi sun kalli aikin hannunta.

Ranar Laraba mata biyar suna zaune a ɗakin suna zaɓen hotunan suna, sai ga Mahbuba, wata 'yar unguwa da ke karatu a sashe ɗaya da Sakinat, ta zo karɓar na yayarta. Ita ba ta ji wancan labarin ba. Ta gaisa ta ce, "Anti, ya jikin Sakinat? Kai, abin nan ya yi mana ciwo."

"Wane abu?"

"Au, ba ta faɗa muku ba? Ai gungun taurari goma sha ɗayan da ta yi shekara biyu tana nema, da aka buɗe takardar babu ko ɗaya. Kuma farfesan nan ya ƙirga tauraro iri ɗaya har biyar a hoton. Ya ce wannan haɗa hoton ƙarya ne, a wurinsu babu laifin da ya fi shi. Ta nuna musu na asali a kwamfutarta, suka ce to waye ya taɓa wannan? Ta ƙi faɗa. Yanzu an dakatar da ita, Litinin za ta zauna gaban kwamiti, kora ma ana iya yi. Ni dai na ce Allah ya isa tsakaninta da ko wane ne."

Matan nan biyar duk sun ji Haulatu da bakinta tana cika baki, ɗaya ma yanzun nan ta gama ji. Babu wadda ta kalle ta, kuma rashin kallon ya fi mari zafi. Ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, sauran suka bi ta a baya suna neman takalma. Haulatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba ta rufe ta.

Da ma ta tashi a lokacin ta nufi gidan Inna, da sai a ce ta yi abin kirki. Ina! Kwana biyu ta yi a ƙulle a ɗaki, ta kashe waya, ta ce wa mijinta zazzaɓi ne. Tana ta yi wa kanta huɗuba: ai sun ga na asali, za su bar yarinyar, ai laifin Sakinat ne da ba ta duba ba. Ita kanta ta san ƙarya take yi. Tsoronta ɗaya, ta tsaya gaban masu boko ta buɗe baki ta ce ita ce, ita mai aji huɗu.

Abubakar Sadiq ya ji a bakin shago, don magana ba ta kwana a Sabo. Ya dawo ya zauna, bai yi faɗa ba.

"Maman Talha," ya ce, "Litinin saura kwana uku. In kina so in rufe shago in raka ki."

Ta ce a'a, ita ta ɓata, ita za ta je. Da safiyar Juma'a ta sa kwamfutar a jakar goyo, ta shiga keke zuwa Mokola, ta hau mota har Ojoo, ta sake wata. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata ofishin malamar da ke duba aikin Sakinat, wata Dokta Bayarabiya mai furfura da tabarau. Haulatu ta durƙusa ta gaishe ta da Yarbanci, Turancinta ya gudu ya bar ta. Ta buɗe kwamfutar, ta riƙa mayar da aikinta baya mataki-mataki. Taurarin aro huɗu suka ɓace. Yashin ya dawo. Jajayen ɗigon suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne cikin da'irarsa. Ta nuna mata hotunan amare da aka zagaye wa ƙuraje, don ta gane inda abin ya samo asali. Tana yi hawaye na zuba a kan hijabinta.

Dokta ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta yi mata sannu da Yarbanci, "Pele." Sannan ta jawo wata takarda daga aljihun tebur ta ajiye mata. Rubutun Sakinat ne, layi uku kacal. Haulatu ta bi shi da yatsa a hankali: ita ce ke da alhakin duk abin da ke jikin takardar, babu hannun kowa, tana neman afuwa.

"Sau uku na tambaye ta, mu biyu kawai a ɗakin nan," in ji Dokta. "Na ce ko mai buga takarda ne ta faɗa, magana ta ƙare. Ta ce ba za ta ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba."

Ta ce Haulatu ta dawo Litinin ta maimaita wa kwamiti abin da ta nuna mata, tana ganin za a wanke yarinyar. Amma farfesan ya riga ya koma, sai wani zangon. Wata shida ke nan Sakinat ta yi asara.

Daga nan gidan Inna Haulatu ta wuce. Ta tarar da Sakinat a tsakar gida tana tsinke alayyafo, ta rame, idanunta sun faɗa. Haulatu ta ajiye jakar ta durƙusa a gabanta a kan siminti. Sakinat ta zabura ta kama ta.

"Subhanallahi! Yaya, tashi, Inna za ta fito."

"Daga wurin malamarki nake. Tun yaushe kika san ni ce?"

"Tun da na warware takardar. Wa zai yi sumul ɗin nan in ba ke ba?"

"To me ya hana ki faɗa? Kora fa za su yi miki, Sakinat! Shekara biyu!"

Sakinat ta koma ta zauna, ta ɗauki ganye tana juya shi. "Dariya suke yi, Yaya. Mutum ya fi talatin a wurin. Wani ya ce ko waye ya yi wannan, ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba. Suna ta ɗaukar hoton da waya. A nan zan kira sunanki?"

Haulatu ta ɗago ta dube ta. Akwai tambayar da ta taso mata tun a mota, ta yi ta danne ta, yanzu ta ƙi dannuwa.

"Faɗa min gaskiya don Allah. Rufa min asiri kika yi, ko kunyar a san ni ce yayarki kika ji?"

Sakinat ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a cikin kwanon alayyafon.

"Duka biyun, Yaya," ta ce. "Na biyun ne ya hana ni barci."

Haulatu ta gyaɗa kai, don ba ta ga bakin yin fushi ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ita, ta ce ranar Litinin tare za su shiga, kuma Sakinat ce za ta faɗa musu da bakinta ko ita wace ce.