Lambar da ƙanena ya haddace

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni 'yar kasuwa ce mai ji da kanta, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Missèbo da ke Kwatano, ina zaune a Zongo da maigidana da yara. Kowa a rumfunanmu ya san ni da saurin hawa, ba na tsayawa a gama mini bayani. Ina da ƙane guda ɗaya tal da muke ciki ɗaya, ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da ya girma ya ce Kwatano ta yi masa kaɗan, ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya. Ba ya riƙe waya ta daɗe a hannunsa, ko a sace ko a ƙwace, amma lambata na kansa, ya haddace ta tun yana yaro. Da farko yakan ari wayar wani ya kira ni bayan wata biyu ko uku. Daga baya sai shiru, har aka shekara biyu ban ji muryarsa ba.

Sim ɗin da ke ɗauke da lambar nan tsoho ne ƙwarai. Lokacin da na zo garin nan ba ni da takardu, sai dattijon da ya sauke mu a gidansa ya yanko mini shi da katin shaidarsa. Haka yawancinmu baƙi muka yi, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Dattijon ya rasu, iyalansa sun koma arewa, ni kuwa na manta ma ba da sunana aka yi rajistar ba.

To, sai ga zamanin nuna kaya ta kiran bidiyo. Maƙwabciyata a kasuwa tana zaune za ta ɗaga atamfa gaban waya, mai saye na Yamai ta zaɓa. Abin ya tsaya mini a rai, wallahi. Na sayi babbar waya, na bar tsarin da nake kai na koma wani sabon forfe, wato tsarin biyan kuɗin waya, mai intanet na 4G. Amma hoto ya ƙi tafiya, waya sai juyawa take yi. Na hau zemijan, wato acaɓa, a fusace zuwa ofishin kamfanin a Ganhi. Ma'aikaciyar ta duba ta ce wayata lafiyarta ƙalau, forfe ma ya hau, sim ɗin ne ya tsufa, ba ya ɗaukar sabon tsarin. Ta ce abu ne mai sauƙi, za su ba ni sabon sim da lambata ta dā, in dai na nuna katin shaida. Na miƙa mata nawa, ta ce sunan bai yi daidai da na rajista ba.

Nan fa na hau ta da faɗa. Na ce shekara nawa ina zuba kiredi a layin nan, yau za a ce ba nawa ba ne? Baiwar Allah ta yi haƙuri da ni. Ta ce in samo takardar rasuwar dattijon da yardar iyalansa a mayar da layin sunana. In kuma ba zan iya yanzu ba, in yanki sabo don intanet, tsohon kuma in sa shi a ƙaramar waya ina amfani da shi, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi a ba wani. Rabin maganarta kawai na ji. Na yanki sabo da sunana, na raba wa abokan ciniki lambar, tsohon na naɗe shi a takarda na jefa cikin kwallar da nake ajiye 'yan kunne. A zuciyata zan sayi ƙaramar waya a satin. Maigidana ya tuna mini sau biyu, na ce masa lamba ai ba ta ruɓewa. Kasuwa ta buɗe, na shagala.

An kusa shekara na yi mafarkin ƙanena, da gari ya waye na ciro sim ɗin na sa a waya. Ko alamar sabis babu. Na kira tsohuwar lambata da sabon layin, sai wata mata ta ɗauka tana Fananci, yaren 'yan garin. Na roƙe ta da ɗan Faransancin da nake ji, ta ce tana sayar da kifi a kasuwar Gbégamey, in zo. Na je na same ta, matar kirki ce. Ta ce bayan ta yanki layin wani ya kira ta daga waje sau uku a rana ɗaya, yana wani yare da ba ta ji, yana ta maimaita “Yaya, Yaya”. A na ukun kuka yake yi, ita kuma masu saye sun taru a kanta, sai ta ce masa ya yi kuskuren lamba ta kashe. Na tambaye ta yaushe, ta ce ya kai wata huɗu. Ta nemo mini lambar, ta Libiya ce. Daga baya a gida na kira har na gaji kafin wani Balarabe ya ɗauka, wani maƙwabcinmu mai jin Larabci ya yi mini tafinta. Balaraben ya ce baƙi da yawa ke aron wayarsa, bai san wanda nake nufi ba.

Lokacin da matar ta ba ni labarin, a gaban teburin kifin nan na durƙusa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ban san me ya sami ƙanena ba ranar da ya kira. Ban sani ba ko taimako yake nema, ko sallama yake yi mini. Abin da ke cin raina shi ne, wataƙila ya ɗauka ni ce na canza lamba don in rabu da shi. Matar ta yarda ta riƙe sabuwar lambata, na koya mata ta ce “Yaya tana nan, jira” da Hausa. Duk Juma'a ina biyawa ta wajenta, tana hango ni take girgiza kai.

Ba kamfanin nake zargi ba, an gaya mini gaskiya ni ce ban saurara ba. 'Yan uwana, kafin ku canza forfe ku tambaya ko sim ɗinku zai ɗauka, ku kuma duba da sunan wa aka yi masa rajista tun mai sunan yana raye. In har za ku ajiye tsohon layi, ku fara tuna waye ba shi da wata hanyar samunku sai ita. Ni na tuna da kowace mai sayen atamfa, na aika mata sabuwar lamba. Mutum ɗaya da ba ni da inda zan aika masa, shi na manta.