Yaya Bello, Wanda Tsoro Ya Hana Barcin Dare

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ina cikin aji a Gusau da hantsi wayar Inna ta shigo. Ban ko gaishe ta ba na ce, "Sun shigo?" A ƙauyenmu na gabas da Gummi wannan tambaya ta daɗe da maye gurbin gaisuwa.

"Ba su shigo ba," in ji ta. "Bello na. Hwadama ya hwaɗi, cikin shinkahwa."

Bello yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A zaman makoki na ji mutane suna yi wa Inna ta'aziyya da wata irin murya mai kama da barka. Ya rasu jikinsa ba rauni, an yi masa wanka, an san kabarinsa. Ban ga laifinsu ba. Abin da ake kira sa'a ke nan yanzu a wajenmu.

Tun da ƴan bindiga suka fara kewaya yankin, mazan gari suka raba sintiri, Yaya bai sake cikakken barcin dare ba. Nasa rabon bai ishe shi ba. In matar wani ta haihu, ko wani ya kwanta zazzaɓi, shi ke karɓar darensa. Da rana, in ya tarar da abokan sintirinsa kwance ƙarƙashin dogon yaro, sai ya cire takalmi ya wuce a hankali, ya kora yara can bakin rafi su yi wasansu. Barcin kowa yana da daraja a wurinsa, ban da nasa.

Da ciwon kai ya matsa masa, na ja shi asibiti a Gummi. Likita ya ce hawan jini ne, ya kuma yi mana bayani dalla-dalla. Jiki yana da agogonsa. Da dare, in mutum ya yi barci, jini kan sauka da kansa, zuciya ta huta, kuma barcin rana ba ya cika biyan wannan. Magani kuwa a riƙa shan sa lokaci guda kullum. Yaya ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Likita, ka rubuta ma waɗancan na daji su ma, su san lokacin." Har likitan sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ya yi ƙoƙari, ina shaida. Amma mutumin da safiyarsa kan zo yau da asuba, gobe da azahar, ina zai samo lokaci guda? Wani lokaci ya sha kafin ya kwanta, wani lokaci sai ya farka, ranar da aka kwana a guje kuwa maganin na gida shi yana jeji. In na yi faɗa sai ya ce, "Malama, ke da ke kwana da ƙohwa ɗaya a kulle, bar mu da muke kwana da gari a buɗe." Yakan ce kuma, "In na yi kwana, wa za ya ji kare?"

Abin da ya hana ni sakewa shi ne ƙanenmu Sani. Bayan sadakar uku na auna jininsa da na'urar da na saya wa marigayin. Allura ta tsaya kusan inda ta Yaya ke tsayawa. Da la'asar dattawa suka zo neman wanda zai maye gurbin gidanmu a sintiri. Na roƙi maigari a raba daren biyu, kowa ya samu barci cikin duhu ko kaɗan ne.

"Ɗiyata, maganarki gaskiya ta," ya ce. "Amma mazan da sunka rage ba su kai a raba ba."

Sani ya tashi ya ɗauki fitilar sintirin Yaya.

Ya Allah, Ka jiƙan Bello, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi hutun da bai samu a nan ba. Ka ba Inna da matarsa da ƴaƴansa haƙuri. Ka tsare mana Sani daga na daji, Ka tsare shi daga jininsa. Ka dawo wa garinmu da barcin dare. Amin.