Dutse na Uku a Murhun Goggo

Har yau in na ji warin tsatsa ta sha wuta, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya muku dalili.

A gidanmu na Ƙofar Wambai, Kaka, mahaifin babana, shi ne babba. Tsohon soja ne, amma ba irin masu lambar yabo ba. A yaƙin duniya na biyu turawan Ingila suka kai shi hamadar arewacin Afirka, aikinsa sauke harsasan igwa daga mota. Yakan zana mana a ƙasa da sandarsa: su da Ingila suna korowa daga gabas, Amurkawa sun tare yamma, Jamus a tsakiya. Ni kuwa bakina ba linzami, sai in ce dako dai ya yi, ya daina cika mana baki. Ya yi dariya ya ce amaryarsa ta raina shi, domin amarya yake kirana.

Wata damina, ina 'yar shekara tara, dutse ɗaya cikin ukun murhun Goggo, matar Kaka, ya tsage. Ta aike ni in nemo wani. A kwarin bayan gari, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, na tsinci wani ƙarfe mai nauyi, kamar guntuwar taɓarya, da 'yan fukafukai a gindi. Na yi gammo na ɗauko shi a ka, na ratso kasuwa ina taƙama. Goggo ta sa mini albarka, ta ce wannan kam ya fi ƙarfin tsagewa. Ta kafa shi, ta ɗora tukunya, ta hura wuta, ni ina fifitawa.

Kaka ya dawo daga sallar la'asar. Ya tsaya cak a tsakar gida.

"Ajiye maficin nan," ya ce a hankali. "Tashi ki fita. Kada ki yi gudu."

Bai ce amarya ba, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Goggo ta soma mitar ruwan tuwo, ya yi mata kallo ɗaya ta haɗiye sauran. Ya ce ta kwashe kowa zuwa bakin masallaci, babana kuma ya hau keke ya kira sojojin barikin Shadawanka.

Ni da taurin kaina na laɓe a zaure ina leƙe. Ya sauke tukunyar. Ya riƙa zare itacen ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Garwashin da ya rage, da tafin hannunsa ya janye shi, gudun kada wani abu ya bugi ƙarfen. Ina jin ƙaurin fatarsa daga inda nake, wallahi ko uhm bai ce ba. Sannan ya zauna dab da abin yana korar akuyar Goggo, har rana ta yi ja.

Ashe harsashin igwa ne da bai fashe ba. Sojoji suka ɗauke shi cikin akwatin yashi, suka tafi da shi bayan dutse suka fasa shi. Da ƙarar ta iso, sai da ƙasa ta zubo daga rufin soro.

Na jira duka, bai dake ni ba. Ana shafa masa zuma a hannu ya ce:

"Mu shida muke sauke irinsa. Ɗaya ya suɓuce wa abokina. Ni lokacin na tafi shan ruwa."



Yanzu kwarin nan duk gidaje ne, murhu ma gas ya kore shi. 'Ya'yana suna kallon wancan yaƙin a waya, tankoki da jajayen fuskoki, ban taɓa hango mai kama da Kaka ba. Ƙunar ta warke kafin kaka ta yi, amma hannun da bai girgiza ba a gaban wutar, daga ranar bai sake iya riƙe buta ba. Ni na riƙa zuba masa ruwan alwala, shekara goma sha ɗaya, har ranar da aka yi masa wanka.