Ranar Girkin Inna

Shekarar da aka ce kowane yaro sai ya shiga firamare, mu ma aka gina mana aji a ƙauyenmu, can gefen Sara a ƙasar Gwaram. Hedimastanmu, mutumin Birnin Kudu, bai daɗe ba ya gane abin da ke watsa masa aji da hantsi. Yunwa ce ke kora mu gida, wanda ya tafi kuma sai gobe. Ya kai kuka wurin mai gari, aka yanke cewa da kaka kowane gida ya ba da gero da wake, masu shanu su aiko da nono, iyaye mata su riƙa girki bi da bi a gindin tsamiyar makaranta. Da safe mu jera kwanukanmu a nan, a tashi tara mu tarar an zuba.

Mun ci daɗi, har kumatu muka yi. Kuma duk wanda uwarsa ke da girki, ranar shi ne sarki, kwanonsa ya fi cika, ƙanzo ma nasa ne.

To ni 'yar fari ce. Asalinmu Fulani ne, Fulatancin ya tafi ya bar mana shanu da kunya. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce "waccan", kuma a ɗakin kakata na tashi. A gida abin bai dame ni ba, sai da wata ƙawata mai bakin tsiya ta ce, "Ranar girkin innarki ko ƙanzo ba za ki gani ba. Ai ba ta son ki." Na ce mu zuba mu gani, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ranar ta zo, Inna ta yi dambu da zogale. Kowane kwano an ɗora masa ɗan man shanu a sama, ban da nawa, kuma dambun cikinsa ya fi na kowa ƙanƙanta. Ƙawata ta bushe da dariya. Na koma bayan aji, hawaye na neman zubowa, na cusa hannu don dole. Sai na ji yatsuna sun nutse cikin mai. A ƙasan dambun an binne curin man shanu ya narke, ga dafaffen ƙwan zabo a ɓare.

Da gudu na je na tura wa ƙawata kwanon a hanci. Ta leƙa, ta ce, "Sam mini." Na sam mata, don daɗin ya fi ƙarfina ni kaɗai. Inna kuwa ta ba mu baya tana ta kankare tukunya.

Da yamma ina jin ta tana ce wa kakata, "Ki gaya wa waccan ta wanke kwanonta da kyau. Yau da maiƙo."