Yankan Ƙarshe na Goggo

Shekara ashirin da shida Baba Gilashi ya yi a ɗakin gwajin asibiti, can ƙasan bene, yana yanka tsokar marasa lafiya siririya kamar ɓawon albasa yana manna ta a gilashi. Gwanintarsa ita ce neman wani furotin na nonon uwa, mai damƙe sinadarin ƙarfe ya ƙi saki. Sai ya ɗiga wa tsokar wani ruwa mai ƙwayoyin garkuwar jiki da ba sa kama komai sai furotin ɗin. In yana nan, wurin ya koma ruwan ƙasa.

Dokar aikin kuwa, kowane gwaji sai da shaida, wato tsokar da aka san furotin yana cikinta. In shaida ba ta yi launi ba, aikin ranar ya tashi a banza. Shaidar Baba 'yar tsokar maman wata mata ce da aka daskarar cikin dunƙulen kakin kyandir tun kafin a ɗauke shi aiki. Goggo yake ce mata. Kullum da safe sai ya buɗe aljihun tebur ya ce, "Goggo, an tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?" Ni dai ban ga laifinsa ba, don a asibitin kaf ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

To, yau da gobe ba ta bar komai ba. Goggo ta yi ta ramewa har yanka ɗaya ya rage. Ranar ce likita ya sauko da tsokar wata mata.

"Baba, yau nake son sakamakon nan. Matar tana sama tana jira."

"Likita, a bari sabuwar shaida ta iso mana."

"Sai wata mai zuwa fa. Yanke waccan kawai."

"Kawai!" in ji Baba, ya bi bayan likitan da harara.

Ya yanka. Baƙin ciki ya turnuƙe shi, sai ya tuna hawaye ma na ɗauke da furotin ɗin, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata gwajin baiwar Allah. Haka ya miƙa hannuwa kan tebur yana aiki, ya karkata kai cikin kwanon wanke hannu yana kuka. Goggo ta yi launinta tsaf, aka kai sakamako sama.

Washegari ya nemi hutun kwana uku na rasuwar goggo, aka ba shi. Abokan aiki suka cika gidansa da gaisuwa. Matarsa ta ja shi kicin.

"Maigida, wace goggon kuma? Naka duk sun daɗe a ƙasa."

Ya kwashe labari ya ba ta. Ba ta yi dariya ba.

"To ai mutum ce. Faɗi sunanta mu sa ta a addu'a."

Baba ya buɗe baki. Shekara ashirin da shida yana gaishe ta, lambar da ke jikin kakin kawai ya sani.