Kyamarar da Mai Wankin Fim Ya Zaɓa Mini

Shagona na hoto yana Fagge, a wani lungu bayan 'yan atamfa. Ɗaki ne ƙarami, da labule shuɗi da kujera ɗaya da tulun furen roba. Ɗauka ce aikina, ban taɓa wanke fim mai kala da hannuna ba. In fim ya cika sai in hau acaɓa in kai shi Sabon Gari wurin wani ɗan ƙabilar Ibo mai injin wanki. A Kano aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam. Faratansa sun rine sun koma ruwan ƙasa saboda sinadarin wanki, kuma yana da wani tari da muka saba da shi har muka daina jinsa.

Da sojoji suka koma bariki aka shiga siyasa, aiki ya buɗe mana, don kowane ɗan takara yana son fuskarsa a bango. Amma kafin a kai zaɓe na gaba abin ya fara juyawa. Wata rana wani mai neman kansila ya zo da mutanensa, na ɗauke shi, na ce ya aiko jibi.

"Jibi?" in ji shi. "Malam, a wani wurin nan take ake nuna maka kanka a bayan kyamara. In hula ta karkace a sake."

Bai aiko ba. Bayansa sai amare da ƙawayensu, su ma kowace tana son ta gani kafin ta tashi daga kujera. Na san abin da ya kamata in yi, amma na kasa faɗa wa Oga. Shi ne ya fara magana, ranar da na kai masa fim guda ɗaya tak a ƙarshen mako.

"Kai kaɗai ka rage a cikin mutanena na Fagge," ya ce, yana rataye dodon hoto a igiya. "Sauran duk sun sayi ta dijital. Me kake jira?"

Na ce ina tunani.

"Ba tunani kake ba, kunyata kake ji. Ranar Asabar ka zo da tsohon lens ɗinka, zan raka ka."

Muka je wani kanti a Titin Ibrahim Taiwo, mai sanyin na'ura da kabad na gilashi. Mai kantin ya fito mana da iri biyu. Akwai ƙarama mai shiga aljihu wadda ba a cire mata lens, wato idon gilashin da ke gabanta, akwai babba mai nauyi wadda ake cirewa a sauya. Zuciyata ta kwanta da ƙaramar, don ba ta da tsada kuma ba ta ba ni tsoro ba. Oga ya karɓe ta, ya sa mai kantin ya ɗaga hannu, ya danna. Kafin ta ɗauka hannun ya sauka.

"Ka gani? Tana tunani kafin ta ɗauka. A gidan biki kafin ta gama tunani amarya ta juya baya."

Muka koma kan babbar. Ya ce a ba mu ta kamfanin tsohuwar kyamarata, domin lens ɗina ya shiga. Ya kuwa shiga, har da ɗan ƙaran nan da na sani. Amma da na kai idona sai na ga duniya ta tsuke. Mai kantin da a tsohuwar kyamara zan gan shi har gwiwa, yanzu daga ƙirji zuwa kai kawai ya fito. Shi ne ya yi mini bayani, ya ce abin da ke karɓar haske a cikinta bai kai faɗin fim ba, saboda haka tana cinye gefe da gefe.

"To a ɗakin nan naka," in ji Oga, "sai ka fasa bango ka tsaya a shagon maƙwabcinka kafin ka ɗauki miji da mata da yara."

Dole sai da ƙarin lens. Mai kantin ya nuna mana wani dogo mai jawo nesa kusa, ya ce 'yan jarida na sonsa a taron siyasa. Oga ya leƙa ta cikinsa ya ce yana da duhu, in an ɗauke wuta a zauren biki ba zai ga kowa ba. Ya zaɓi wani gajere mai faɗin gani, ya ce tsohon nawa in bar shi don fasfo da hoton fuska. Ya daɗe yana juya shi a gaban fitila yana neman ƙura ko tabo a ciki, kamar shi zai yi aiki da shi.

Da aka ce in gwada, Oga na nufa na danna. Hoton ya fito a ɗan gilashin baya, na miƙa masa. Ya ƙura masa ido. Kumatunsa sun faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa sun shige ciki. Kullum ina ganinsa a cikin shago mai duhu, ban lura ba sai a lokacin.

"Haka na koma?" ya ce.

"Hasken kantin ne, Oga."

"Malam, da haske na ci abinci duk rayuwata. Ba hasken ba ne."

A hanyar komawa ya tsaya bakin titi ya yi tari mai tsawo a cikin hankici, ya ninke shi da sauri ya sa aljihu. Na ce mu biya asibiti. Ya ce ya riga ya je, sun ce ya bar sinadari, shi kuma ya tambaye su ya kama me.

Watannin farko na sha wuya da sabuwar kyamara. Farar shadda a rana takan ƙone ta zama fari fat, ba a ganin aikin wuya. Batir ya mutu a tsakiyar ɗaurin aure. Wurin masu kwamfuta nake kai katin ajiya su buga mini, can gefen Fagge, hanyata ta daina bi ta Sabon Gari. Ana cikin haka tarzoma ta tashi a gari, aka sa dokar hana fita. Bayan ta lafa mutane suka daɗe suna ɗari-ɗarin tsallaka titi daga unguwa zuwa unguwa. Na aika a duba Oga, aka ce mini shagonsa lafiya, amma maƙwabtansa da yawa sun kwashe kaya sun tafi.

Da hankali ya kwanta na ɗauko tsohuwar kyamara, na nemo fim da ƙyar, na ɗauki 'ya'yana da tsakar gidana har ya cika, na kai masa. Na same shi zaune a benci a ƙofar shago, injin a rufe da zane. Ya karɓi fim ɗin ya juya shi a tafinsa.

"Aikin wa ne?"

"Nawa ne."

Ya tashi ya kunna janareto, ya buɗe injin. Na zauna ina jin tarinsa daga ciki. Da hotunan suka fito duk sun yi kore-kore, fuskokin yarana kamar na marasa lafiya. Sinadarin ya kwana biyu, takardar ma ta wuce lokacinta, kuma masu kawo su daga Legas sun daina kawowa. Ya jera su a kan tebur yana duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Ban taɓa ba ka aiki irin wannan ba," ya ce.

"Ba komai, na gida ne."

"Na san na gida ne. Na kuma san abin da ya sa ka kawo. Na gode. Amma kada ka sake kawowa, Malam. In ka zo, ka zo mu zauna kawai."

Na ci gaba da zuwa ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci. Matarsa takan kawo mana shayi, shi kuma yakan tambaye ni yadda lens ɗin ke yi. Daga baya maganar ma ta fara yi masa nauyi. Injin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ne suka saye shi, suka farfasa shi a nan ƙofar shago don ya shiga kurar turawa. Yana zaune yana kallo. Kafin damina 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi ƙauyen iyayensa a Gabas, wai ko iskar can za ta karɓe shi. Na raka su tashar manyan motoci. Sai da mutum biyu suka tallafe shi ya hau matakala.

Bayan wasu watanni matarsa ta dawo Kano kwashe sauran kaya, ta nemo shagona. Tun daga baƙin kayan da ke jikinta na gane. Na ba ta kujerar ɗaukar hoto ta zauna, don ita kaɗai ce kujera a ɗakin.

"Madam, ya aka yi?"

Ta ce bai daɗe ba. Ta ce ƙauyen bai san shi ba, shi ma bai san ƙauyen ba. A kwanakinsa na ƙarshe zazzaɓi ya rufe shi, yana ta magana da Hausa, dangi suna zagaye da shi ba mai fahimta sai ita. Na tambaye ta me yake cewa. Ta ce ba wani abu ba ne, kiran mai ruwa yake yi, yana cewa a rufe ƙofa haske na shigowa.

Na yi mata gaisuwa, na tare mata acaɓa, na tsaya har ta sha kwana. Da na koma ciki na tarar da wata mata da ɗiyarta suna jira, za a yi wa yarinyar fasfo na makaranta. Na gyara labule, na ce ta ɗago haɓarta kaɗan.